Gangunan Auta

Yaya ba ta yi niyyar komawa masana'anta ba sai da yamma. Ƙaninta, wanda a gida ake ce wa Auta, a wurin aiki kuma Manaja, shi ya matsa mata tun da safe ta raka katifun da wata makarantar kwana ta saya, wai shugabar makarantar ba ta son yin magana da kowa sai ita. Ba su yi nisa ba shugabar ta bugo waya ta ce a bari sai gobe, mai makullin ɗakin ajiyarsu ba ya nan. Yaya ta yi tsaki ta ce wa Direba ya juya.

Rana ta take suka iso, suka tarar da babbar ƙofa a rufe. Ma'aikata kuwa duk suna waje, masu yankan soso da mata masu ɗinkin rigar katifa, sun jeru a ɗan inuwar katanga.

"Lafiya? Wuta aka ɗauke?"

"Manaja ne ya ce mu fito mu sha iska," in ji shugabar masu ɗinki, tana kallon ƙasa.

"Yaushe Manaja ya fara rabon iska kyauta? Ina Baba Dogo?"

Ma'aikatan suka riƙa kallon juna.

Masana'antar ta mahaifinsu ce, ya rasu ya bar musu su biyu. Yaya ta riƙe yanka da ɗinki da masu saye, Auta ya riƙe sayen sinadarai da zubin soso. Baba Dogo shi ke haɗa sinadaran tun zamanin mahaifin nasu. A kafaɗarsa su biyun suka fara leƙa akwatin zubi suna kallon yadda ruwa ke kumbura ya zama soso. A wancan lokacin akwai wani sinadari da ake zubawa don soso ya tashi da laushi ya yi sakayau. A jikin ganga an rubuta CFC, amma ma'aikata ruwan sanyi suke ce masa, don in ya taɓa hannu sai ya yi sanyi ƙalau, kafin mutum ya duba ya bushe ya bi iska.

Da aka hana amfani da shi, Yaya ce ta je taron da aka kira masu masana'antu. A can ta ji inda ruwan sanyin ke zuwa in ya bi iska. Yakan hau can sama ya daɗe shekara da shekaru yana cin rufin ozon, wani siririn rufi na iska da ke tare mugun hasken rana, wanda in ya wuce yakan lalata fata da ido da amfanin gona. Ta dawo gida da zancen a bakinta. Auta ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, "Yaya, rufin ɗakin ɗinki na yoyo ba mu gyara ba, sai na sama?" Duk da haka ya yarda aka canza. Suka sa sabon inji, suka koyi sabon haɗi mai wuyar sha'ani, ita kuma ta sa aka buga wata 'yar alama a kan kowace katifa cewa ba a yi ta da abin da ke cutar da ozon ba. Duk inda ta kai kaya sai ta nuna alamar da yatsa.

Yanzu ga ta tana dukan ƙofar masana'antarta da tafin hannu kamar baƙuwa. Mai gadi ya leƙo, ya ga ita ce, ya ja baya.

Ɗakin zubi shiru, sabon injin an goge shi fes har yana ɗaukar ido. Ta ratsa ta tsakanin manyan curin soso ta fita filin baya, Direba na biye da ita. A can ta ga Auta tsaye daga nesa, waya a kunne, hankici a hanci. Ganguna shuɗɗa sababbin fenti suna kwance a bakin kwata, bakunansu a buɗe, jikinsu ya yi gumi saboda sanyi. Abin da ke kwarara daga ciki ko taku kaɗan ba ya yi a kan siminti mai zafi sai ya ɓace. Inda fentin wata ganga ya kankare, tsofaffin haruffan CFC sun fito.

Auta ya sauke wayar. "Yaya, ai na ɗauka..."

"Ina Baba Dogo?"

"Yana sito, yana ƙarasa buɗe sauran. Yaya, tsaya in yi miki bayani."

Siton baya tsohon ɗaki ne da ke ƙasa, sai an sauka matakala, ba shi da taga. Auta ya daɗe da ce mata babu komai a ciki sai tarkacen tsohon inji. Ta ruga ta leƙa. Baba Dogo na kwance rub da ciki a ƙasan matakala, sifana a hannunsa, ƙafarsa ɗaya a lanƙwashe. Ta ƙwala masa kira, bai motsa ba. Ta sa ƙafa za ta sauka, Direba ya fizgo ta.

"Kada ki shiga! Iskar nan a ƙasa take kwanciya, ke ma faɗuwa za ki yi."

Ya ja numfashi ya cika ƙirji, ya sauka da gudu ya kamo tsohon ta ƙarƙashin hamata. Yaya ta sauka rabin matakala ta kama wuyan rigarsa, nan take kanta ya juya, zuciyarta ta shiga bugawa kamar za ta fito. Da kyar suka jawo shi waje suka shimfiɗe a kan wani yankin soso. Leɓɓansa sun yi duhu. Direba ya dinga danna masa ƙirji har ya yi wani irin gurnani ya ja numfashi.

"Ku fita da shi ta ƙofar baya," in ji Auta. "Ku sa shi cikin motar kaya. Masu duba masana'antu suna hanya, kada su gan shi."

Yaya ta ɗago ta dube shi. Ta ƙwala wa masu yanka kira, suka shigo suka ɗauki tsohon a kan soson, ta sa aka wangale babbar ƙofa, aka sa shi a motar Auta mai sanyi, Direba ya ja sai asibiti. Sai da ta ga motar ta sha kwana sannan ta juyo.

"Tun yaushe?"

"Yaya, ba lokacin wannan maganar ba ne."

"Na ce tun yaushe?"

"Tun bara."

"Tun bara! Ni ina yawo gari gari ina nuna wa mutane alama, kai kana nan kana zuba musu ƙarya a cikin katifa? Kana kallona ina liƙa ta da hannuna, ba ka ji kunya ba?"

"To ya kike so in yi? Sarkin Araha na can tsallaken titi yana zuba ruwan sanyin nan a katifunsa safe da yamma, kayansa sun fi namu laushi, sun fi namu sauƙi. Dillalai sun gudu wurinsa. Ke kina ɗakin ɗinki kina jin rediyo, ni nake ganin abin da ke faruwa. Da ban yi haka ba da tuni mun rufe."

"Sai ka zo ka ce min, Yaya, za mu rufe. Ka zo mu yi faɗa, mu yi kuka, mu san abin yi. Ba ka da baki ne? Kuma yau da ka ji za a zo dubawa, maimakon ka miƙa musu gangunan su kai inda ake lalata su, sai ka buɗe duka ka sake su sama lokaci guda. Abin da za ka yi wata da watanni kana ɓarna da shi, ka ƙarar a wuni ɗaya."

"Sama, sama, kullum sama! Wa ya taɓa ganin rufin nan naki? Waɗanda suka cika duniya da manyan masana'antu su suka huda shi, sai gangunana ne za su ƙarasa shi?"

"Ba ka ga rufi ba, Baba Dogo fa? Shi ma ba ka gan shi ba? Mutumin da ya goya ka, ka tura shi rami, kai kana nan tsaye da hankici a hanci. Ka san abin da ke ciki, shi ya sa ka kori kowa waje, shi ya sa ka kore ni. Shi kaɗai ka ga ransa ba shi da tsada."

Daga bakin ƙofa aka ji ƙarar mota.

Masu dubawar su biyu ne suka zo, wata jami'a mai tabarau da abokin aikinta mai ɗauke da akwatin gwaji. Kafin su sauko Auta ya sa mai gadi ya ja ƙofar filin baya ya datse, ya goge fuska, ya tare su da dariya har kunne. Ya kai su gaban sabon inji yana bayani, yana shafa shi kamar dokin da zai sayar. Jami'ar ta gyaɗa kai, ta ce ai an san su, suna cikin na farko da suka canza, ita da son samu ne da duk masana'antu haka suke. Yaya na tsaye a jikin wani curin soso. Ta ji Auta na cewa, "Ai wannan duk aikin yayata ne, ita ce uwar ozon a gidan nan." Suka yi dariya su uku, suna kallonta ta taya su.

Wannan dariyar ce ta ƙarasa ta.

"Ranki ya daɗe," in ji Yaya, "ba a nuna miki baya ba."

"Yaya!"

"Buɗe ƙofar nan," ta ce wa mai gadi. Ya kalli Auta. "Ina maka magana kana kallon wani? Masana'antar nan rabinta nawa ne, ƙofar nan na cikin rabina. Buɗe!"

Jami'ar ta daɗe tsaye tana kallon gangunan. Abokin aikinta ya hana kowa matsawa kusa da sito, ya karkata wata ganga ya sami ɗan abin da ya rage a gindinta, ya gwada. Ya nuna wa jami'ar abin da gwajin ya nuna. Ta cire tabarau ta dubi Yaya.

"Kin san rufe wurin nan za mu yi? Ke ma sunanki na ciki."

"Na sani."

Kafin la'asar an manna takarda a babbar ƙofa an sa kwaɗo. Ma'aikatan da suka ɗauki Baba Dogo ɗazu suna tsaye suna kallo. Shugabar masu ɗinki, wadda suka shekara da shekaru suna zama benci ɗaya da Yaya, ta matso ta ce, "Yanzu ina za mu je? Da kin bari sun tafi, sai ki yi masa duk abin da za ki yi masa a cikin gida." Yaya ta ce za ta san yadda za ta yi da su. Matar ta ce, "Allah ya sa," ta ɗauki jakarta.

Daga asibiti Yaya ta wuce gidan Mama. Likita ya ce Baba Dogo zai rayu, amma zuciyarsa ta taɓu, kada a sake sa ran zai ɗaga ko bokiti. Ta shiga da wannan labarin, ta tarar Auta ya riga ta. Yana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Mama, matarsa na gefe ido ya yi ja, Kawu kuma, ƙanin Mama, ya hakimce a kujerar da mahaifinsu ke zama.

Mama ba ta amsa gaisuwarta ba. "Ke ce babba," ta ce. "Ke na ɗauka za ki rufa masa asiri ko duniya ta taru a kansa. Sai ga shi ke kika kama hannun hukuma kika kai ta har inda yake."

"Mama, Baba Dogo saura ƙiris ya mutu."

"Ai bai mutu ba," in ji Kawu. "An gode Allah. Sai a yi masa magani, a ba shi haƙuri. Wannan maganar gida ce. Amma a ce saboda iska, iskar da ko gani ba a yi, ki rufe abin da ubanku ya yi gumi ya kafa?"

"Kawu, kai da aka yi maka aikin yanar ido bara, ka manta yadda ka riƙa laluben bango? Hasken da rufin nan ke tarewa yana cikin abin da ke kawo irin ciwon nan. Jikokinka a ƙarƙashin rana suke wasa, ba a ƙarƙashin kujerar nan ba."

"Ji min yarinya! Idona tsufa ne, ba ruwansa da gangar kowa."

"Na ji, naka tsufa ne. Amma ba ni na rufe masana'anta ba. Wanda ya sayo gangunan nan a ɓoye ya shafa musu fenti, shi ya rufe ta. Ga shi nan zaune, ku tambaye shi mana! Tun da na shigo babu wanda ya ce masa don me. Tun yana yaro haka ake yi. Ya fasa abu, a ce ni ban kula da shi ba."

Matar Auta ta ce cikin kuka, "Yaya, 'ya'yansa fa? In aka ɗaure shi me za ki ce musu?"

"Ki tambaye shi abin da zai ce wa 'ya'yan Baba Dogo. Suna can bakin asibiti a tsaye, ko ɗayanku bai leƙa ba."

Mama ta ɗaga hannu. "Ya isa. Tashi ki tafi gidanki, kin gama abin da kika zo yi."

Yaya ta tashi. A bakin ƙofa ta juyo ta dubi Auta ko zai ɗago. Bai ɗago ba.

Ba a ɗaure Auta ba. An ci su tara mai nauyi, su biyun, aka kwashe gangunan, aka hana shi sake riƙe sayen sinadarai a wurin. Sarkin Araha kuwa ko ƙwarzane bai samu ba. Shi tun kwana biyu kafin zuwan masu dubawa aka tsegunta masa, ya zazzage nasa a tsanake, ya sayar da gangunan ga masu gwangwani, aka zo aka tarar da wuri tas. Yaya ta je ofishin jami'ar har ƙafarta ta gaji. Jami'ar ta ce ta yarda da ita, amma ba ta da abin da za ta kama a hannu, ita ma ba ta san wa ke fitar da labarin zuwansu ba. Yaya ta ce, "Wato wanda ya iya ɓarna da wuri shi ne mai gaskiya?" Jami'ar ta ce za su sake zuwa ba tare da sanarwa ba. Yaya ta fito tana huci, ta tsaya a bakin titi tana kallon motocinsa na fita da katifu har sama.

Da aka buɗe masana'antar bayan wasu watanni, rabin ma'aikata sun kama aiki a tsallaken titi, har da shugabar masu ɗinki. Yaya ta bi makarantu da shagunan da ta kai wa kaya tun bara, ta gaya musu alamar da ke jikin katifun ƙarya ce. Wasu suka yi mata dariya suka ce katifa dai ai ta kwanciya ce, wasu suka daina saye a wurinta. Ta ci gaba da kai wa Baba Dogo albashinsa gida. Ranar farko matarsa ta karɓa daga bakin ƙofa ba ta ce mata shigo ba. Daga baya tsohon da kansa ya aiko a kira ta. Ta same shi ya rame, yana magana yana hutawa. Ta tambaye shi don me bai gaya mata ba tun farko. Ya ce, "Ku biyun duk nawa ne. In na faɗa na raba ku, in na yi shiru na cuce ki. Sai na zaɓi wanda ba shi da hayaniya." Ta so ta yi masa faɗa, ta dubi ƙirjinsa yadda yake hawa da sauka, ta haɗiye.

Auta ya sayar mata da rabonsa ta hannun Kawu, ko gaisawa ba su yi ba. Ba a jima ba ta hango shi ta tagar ɗakin ɗinki yana shiga ofishin Sarkin Araha da sabuwar riga. Ya zama manajansa.

Mama ta daɗe ba ta neme ta ba, sai da ciwon baya ya kwantar da ita ta aika a kira ta. Yaya ta shiga ɗakin da maganin shafawa a jaka, ta tarar da Mama kwance a kan wata sabuwar katifa mai kauri, ko ledar ba a gama cirewa ba. Tambarin Sarkin Araha na nan ɓaro-ɓaro a kusurwa, a ƙarƙashinsa kuma 'yar alama mai cewa ba ta cutar da ozon.

"Ƙaninki ne ya kawo min," in ji Mama. "Zauna ki ji laushi."

Yaya ta janyo tabarma ta zauna a ƙasa.

"Har yanzu ba ki huce ba?"

"Ban huce ba, Mama."

"To sai yaushe?"

"Ranar da ya je ya durƙusa gaban Baba Dogo, ya kuma daina zuba abin nan. Ko ɗaya bai yi ba."

Mama ta yi ajiyar zuciya ta juya fuska bango. "Taurin kai kamar ubanki."

Yaya ta buɗe kwalbar maganin ta lakato da yatsa. "Ɗaga rigar, Mama. Ina ne ke miki ciwon?"